Kawuna da Injin da Ya Daina Tambayar Suna

Daga Allah muka fito, gare shi kuma ake komawa ɗaya bayan ɗaya, wannan karon kiran ya faɗo kan Kawu, yayan mahaifiyata. Ya rasu a gidansa na Filingue bayan wata jinya da har ƙarshe bai yarda a kira ta jinya ba, aka kai shi makwanci kafin rana ta yi zafi. Na zauna cikin gida tare da mata ina karɓar gaisuwa, amma kunnena yana zaure. Ina son jin abin da mutane za su ce a kan mutumin da na fi kowa yin faɗa da shi, na kuma fi kowa samun alherinsa.

Tsofaffin abokan aikinsa sun zo daga Yamai cikin mota ɗaya, kowa da tabarau da sanda. Su suka riƙa ba da labarin zamanin mulkin sojan farko, lokacin da Kawu ke aiki a wani ɗaki mai sanyi da injunan lissafi masu girman rumbu. Ɗayansu ya ce da kunnensa ya ji Kawu yana gaya wa wani hafsa cewa ko ya yi tsawa ko bai yi ba, inji ba ya tsoron kaki, sai ya gama zai ba da amsa. Liman ya ce bai taɓa rasa shi a sahu ba, sai dai ya sha fama da shi a kan agogon masallaci. Maƙwabcinsa mai sayar da gero ya share hawaye ya ce, "Mutumen kirki na, wallahi. Amma hal yau ban san aikin mi shika yi ba. Shina zamne gaban baƙin allo shina ƙwanƙwasa, shi ke nan abin da nis sani."

Inna, matarsa, ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Ta dubi butar shayi a gefen murhu ta ce yanzu ba wanda zai sake gaya mata ta makara. Yaya kuwa, ɗansa na fari, mutum mai furfura a gemu da jikoki, ya same ni a ƙofar ɗaki ya ce, "Kin san hal yat tahi ban taɓa jin sunana bakinai ba?" Ya yi dariya, dariyar ta juye masa kuka. Ba wani abin mamaki ba ne a wurinmu. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, uwa ma haka, mace kuma ba ta faɗin sunan mijinta. Kunya ce, da ita muka tashi. Kawu ya yi boko har ƙasar waje, amma in zai kira Yaya sai ya ce "kai" ko "wancan."

Da hantsi sai ga wasu mata Fulani da Buzaye sun shigo, suka ajiye ƙwaryar nono, suka zauna a gindin bango. Ba wanda ya san su a gidan. Da aka tambaye su, babbarsu ta ce sun zo gaisuwar tsohon likita. Mutanen gida suka dubi juna, don Kawu bai taɓa zama likita ba, ko allura ya gani sai ya kau da kai. Ni kaɗai na san abin da ya kawo su, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta kafin ni ma a zo gaisuwata.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, yanzu na huta. Kawu ne ya kama hannuna ya kai ni lekol, wato makarantar boko, shi ne kuma ya riƙa duba sakamakona yana ƙorafi ko na zo ta ɗaya. Mutum ne mai ɗaura agogo ta cikin hannu, wajen jijiya, don ya riƙa dubawa ba tare da an lura ba, kuma kowa ya lura. Komai sai ya auna: dahuwar shayi, tsawon huɗuba, tafiya daga gida zuwa kasuwa. In ka ce masa abu ya daɗe, sai ya ce, "Kin auna? Auna tukuna, kana ki yi magana." Kwat yake sawa a kan jallabiya ko ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa. Ba ya son a yi masa godiya, ba ya son kuma a manta ba a yi ba.

Shekarar da soja suka sake karɓar mulki, masu furoje, wato shirin agajin da ke taimaka wa gidan likitarmu, suka tattara kayansu suka tafi. Sun bar mana firji, da farantin hasken rana a kan rufi, da batir, da kwamfuta, wadda mu a can muke ce wa ordinatar. A cikinta akwai furogaram da ke riƙe da bayanin duk yaran da aka yi wa rigakafi. Ba irin na yanzu ba ne mai hotuna da ake taɓawa da yatsa. Baƙin allo ne, da ɗan tsinke fari yana ƙyaftawa yana jiran ka rubuta masa umarni. Umarnin kuwa dogo ne, da Faransanci, cike da ɗigo da karan tsaye. Ka kuskure harafi ɗaya, ya koro ka waje, ka sake daga farko. In ka dace ka rubuta daidai, sai ya zana tutar furoje da taurari, ya tambaye ka kwanan wata, sannan ya shiga neman yaro yana gurnani kamar dutsen niƙa. Har ruwa nakan je in sha in dawo bai gama ba.

Da masu furoje suka tafi, allurai suka yi ƙaranci. Majo, wato shugaban gidan likitarmu, ya kafa doka: ba a yi wa yaro allurar ƙyanda sai an gan shi a cikin inji, an tabbata watanninsa sun kai, an kuma tabbata ba a riga an yi masa ba. Ban ga laifinsa ba, abin da ke firjin bai isa a yi wasa da shi ba. Mai katin rigakafi, wanda muke ce wa karne, ba ta da matsala. Amma matan daji karne ba ya daɗewa a hannunsu, ko gara ta ci, ko akuya, ko ruwan sama. Kuma ranar kasuwa kawai suke shigowa gari, su biyo amalanken jaki, su koma da shi. Batir ɗinmu kuwa da azahar yake mutuwa, in ya mutu aiki ya tsaya.

A cikin layin wata ranar kasuwa na fara ganin ta. Bafulatana ce doguwa, yarinya ƙarama, da ɗanta na fari a goye, daga rijiyoyin arewa wajen Abala. Ta zo yi masa allurar ƙyanda, karne ya ɓace. Tun safe take tsaye, saura kaɗan a kai gare ta allon ya yi duhu. Ta gyara goyo ta fita. Na san nisan da ta taho, na kuma san bazara na tafe, lokacin da ƙyanda ke shiga rugage ta kwashe yara. Ranar ban ci abincin rana ba, gidan Kawu na wuce.

Washegari ya zo da kwat ɗinsa. Ya zauna gaban injin, ya sa ni in yi aiki yadda na saba, shi kuma yana duba cikin hannunsa. Ya buɗe furogaram ɗin ya karanta cikinsa yana tsaki. Ya ce, "Injin ba shi da laihi, abin da anka hwaɗa mai shika yi. Wanda yar rubuta wanga abu bai taɓa tsayuwa layi ba." Ya bayyana mini cewa in na nemi yaro, injin yana farawa ne daga yaron farko da aka taɓa rubutawa, ya bi su ɗaya ɗaya, kuma ko ya samu wanda ake nema ba ya tsayawa sai ya kai na ƙarshe. Na ce ashe wawa ne. Ya ce a'a, mai biyayya ne, wanda ya fi wawa haɗari.

Ya yi makonni a kansa. A gida yake rubutawa da fensir, ranakun da ba kasuwa ya zo ya shigar, kuma bai taɓa gwaji a kan ainihin bayanan yara ba, sai ya kwafa a faifan disket tukuna. Ya yi wa sunayen jeri na musamman yadda injin zai nufi wurin kai tsaye, kamar mai neman gero da ya san layin 'yan hatsi. Ya cire tutar da taurarinta. Kwanan wata sau ɗaya ake tambaya da safe. Dogayen umarnin nan ya mai da su harafi ɗaya ɗaya, na nema, na sabon yaro, na allura. Ya sa injin ya riƙa adana aiki bayan kowane yaro, don ko batir ya mutu kada a yi asara. In ka yi kuskure ya daina korar ka, sai ya rubuto da Hausa, "Ban gane ba, gwada haka," ya nuna maka misali. In kuwa ka nemi goge wani, sai ya ce, "Kin tabbata? Yaro na hwa." Majo ya ce wannan ba maganar ofis ba ce. Kawu ya ce ai ba ofis za a goge ba.

Ranar da ya gama, kafin in ɗaga yatsa daga maɓalli amsa ta fito. Na yi guɗa a cikin ɗakin allura. Kawu ya gyara wuyan kwat, ya fita kamar wanda ya ci zaɓe. Duk majalisar ƙofar gidansa sai da ta ji labarin sakan nawa injin ke ɗauka yanzu, har waɗanda ba su san mene ne ordinatar ba suka riƙa gyaɗa kai. Inna ta ce mini in Allah ya sa ta sake jin kalmar sakan a gidan nan, gidan ubanta za ta tafi da tsufanta.

Batir ya daina mutuwa kafin mu gama, wannan gaskiya ne. Amma layi bai ragu yadda na zata ba, har la'asar muna nan. Sai ga Bafulatanar nan ta dawo, wannan karon ta kai gabana. Na yi mata fofo, wato sannu, na yi wa yaron wasa, na ɗora yatsu a kan maɓallai. Abu biyu injin ke nema kafin ya motsa, tun daga masu furoje, kuma Kawu bai taɓa su ba.

Na ce, "Sunan yaro?"

Ta ja mayafi ta rufe baki tana murmushi.

"To, sunan babanai?"

Ta juya fuska ga bango.

Ni 'yar ƙasar nan ce, na san abin da na tambaya. Lokacin da aka fara rubuta yaron, wata maƙwabciyarta ce ta rako ta ta faɗi sunayen, yanzu kuwa maƙwabciyar ta yi kudu da shanunsu. Na leƙa layi na tambaya ko akwai wadda ta san ta, babu. Na shiga jero sunayen da Fulani ke sa wa 'ya'yansu ko zan dace, amma injin sai an ba shi biyun a haɗe, kuma daidai. Na roƙi majo, ya ce doka doka ce. Matan baya suka fara guna-guni, mai amalanke yana kira daga waje. Ta miƙe ta ce, "Ba komi, likita. Wata rana." A makon nan ne muka fara jin an ce ƙyanda ta ɓulla a arewa.

Ko farar rigar aiki ban tuɓe ba na faɗa gidan Kawu. Yana kan tabarma yana cin kopto, ganyen da Inna ke kwaɗa masa da ƙuli.

Na ce, "Kawu, injinka ya yi sauri, amma layi na nan inda yake."

Ya ce, "Ƙarya ta. Na auna."

"Inji ka auna. Ba ka auna mata ba."

Na ba shi labarin yarinyar. Ya ture kwano ya ce shi aikinsa ya yi, in mace ta taho tun daga Abala ta kasa buɗe baki ta faɗi kalma biyu don lafiyar ɗanta, wannan ba matsalar lissafi ba ce. "Su hwaɗi suna mana! Mi na wuya ciki?" Na ce masa tunda ba wuya, ya zo ranar kasuwa ya nuna musu yadda ake yi. Ya ce ni ba ni da ladabi, tun ina ƙarama ya sani. Na ce shi ya kai ni lekol. Inna ta kama hannuna ta fitar da ni, a zaure ta raɗa mini, "Bar shi, za shi zo. Ba shi iya kwana da an ce bai auna ba."

Ya zo kuwa, da sassafe, fuska a ɗaure. Kafin a buɗe ƙofa na ce ya zauna a bencin uwaye mu gwada, shi ne mai kawo yaro, ni ce mai tambaya. Majo yana tsaye yana kallo. Na gyara murya.

"Sannu Baba. Ɗan hwari na kuka kawo?"

"I."

"Sunanai?"

Ya buɗe baki. Ya rufe. Ya duba cikin hannunsa kamar amsar tana kan agogo.

"Ai kin san shi."

"Ni na san shi. Injin bai san shi ba."

"Ba ni wuri in rubuta."

"Matan daji ba su rubutu, Baba. Sunanai?"

Tsinken nan fari yana ta ƙyaftawa a allo. Majo ya fita waje wai zai duba firji, ina jin dariyarsa ta taga. Kawu ya yi gumi a goshi, ya yi gyaran murya, sunan Yaya bai fito ba. Daga ƙarshe ya ce, "Buɗe ƙohwa, mutane na jira." Bai tashi daga ɗakin ba. Ya ja kujera can ƙurya, ya wuni yana kallon mata suna shiga suna fita, yana auna shirun da ke biyo bayan tambayata. Ya ga wadda ta aika a kira mata ƙanwar miji daga kasuwa, ya ga wadda ta tsaya sai da wata tsohuwa ta zo ta faɗa mata. Da aka tashi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Lokacin ba cikin inji shika ɓacewa ba. Tsakanin tambaya da amsa na. In kowa na tsayawa wuri guda, laihin mai tambaya na." Haƙuri kam bai ba ni ba, ban kuma sa rai ba. Da yamma dai Inna ta aiko mini da kwanon kopto, ta ce shi ya ce a kawo.

Daga nan aikin ya canza. Ya zauna da Inna, da ungozomarmu, da ni, yana tambaya kamar ɗan lekol: me mace za ta iya faɗi ba tare da kunya ba? Muka ce sunanta, da garinsu ko rijiyar da suke shayar da dabbobi, da ko yaron na damina ne ko na ɗari, da ko namiji ne ko mace. Duk waɗannan suna cikin injin tun farko, ba a dai neman yaro da su. Sai ya gaya mana abin da ya lura da shi daga ƙuryarsa. In na ambaci sunan da ba na ɗanta ba, uwa takan ce a'a nan take, ba nauyi. In na dace, sai ta yi shiru ta sunkuyar da kai. Ya ce to haka furogaram zai yi aiki. Zai fito da 'yan sunayen da suka dace da bayanin uwa, ni in karanta. In ta ce a'a, in wuce na gaba. In ta yi shiru, ba sai na rubuta komai ba, babban maɓallin kawai zan danna, injin ya ɗauka an ce i.

Faɗi ya fi yi sauƙi. Injin tsoho ne, ƙwaƙwalwarsa kaɗan, da ya ƙara masa sabon jeri sai ya koma gurnaninsa na da. Gwajin farko ya haɗa yaran garuruwa biyu masu suna iri ɗaya, Kawu ya kwana biyu ba ya amsa gaisuwa da kyau. Sai da ya cire wasu dabarun da ya yi alfahari da su a baya don a samu wuri, ya sa injin ya riƙa ɗauko yaran gari ɗaya kawai a lokaci guda. Idanunsa sun fara rauni, hasken allon yana sa su ruwa, don haka ni nake karanta masa layi layi yana cewa goge nan, ƙara can. A cikin makonnin nan aka fara kawo mana yara daga arewa da jan ido da ƙuraje. Wasu sun tashi, wasu a hannunmu suka cika. Kawu yana jin kukan uwayensu ta bango, ya daina zuwa majalisa.

Da ya kammala, layin da ke kai mu la'asar ya koma ƙarewa kafin azahar, mata suna samun cin kasuwarsu su koma da rana. Furogaram ɗin ya daɗe yana aiki, har mulki ya koma hannun farar hula, har wasu gidajen likita na yankinmu na Kurfai suka aiko da disket a kwafa musu. Sai da aka kawo sababbin injuna masu hotuna aka ajiye shi, kuma ranar da na ga sabon yana fara tambaya da sunan yaro, na yi tsakin da Kawu ya koya mini. Amma wannan daga baya ne. A lokacin, abu ɗaya ya dame mu: ita wadda aka yi aikin dominta ba ta dawo ba.

Kowace ranar kasuwa sai ya zo ya zauna a ƙuryarsa, in an tashi ya ce, "Ta zaka?" In ce a'a. Na ce masa wataƙila sun yi ƙaura, wataƙila ta gaji da mu, wanda ya sha tafiyar banza sau biyu ba a ganin laifinsa. Abin da ban faɗa ba shi ne wataƙila ba sauran yaron da za a kawo, shi ma ya san ban faɗa ba. Rannan sai ya tashi ya nufi kasuwar bisashe da kwat ɗinsa, tsakiyar shanu da raƙuma. Ya riƙa bin makiyaya da dillalai da direbobin motar Abala ɗaya ɗaya yana cewa, "Ku hwaɗa ma mata, injin likita ya bar tambayar suna. Su kawo yara." Mahauta suka yi ta dariya, aka ce boko ya taɓa tsoho. Bai kula ba, mako na zagayowa ya sake komawa. Ni da na san yadda yake ƙin a yi masa dariya, na san abin da hakan ya ci masa.

Mata suka fara zuwa daga rugagen da ba mu taɓa gani ba. Ana tsakiyar zafi, wata ranar kasuwa, layi ya kusa ƙarewa, na ɗaga kai na gan ta a bakin ƙofa. Ta rame, ƙafafunta sun yi fari da tafiya. Idona bai tsaya a kanta ba, goyon na duba. Yana nan, yana cin yatsa. Na karɓe shi na taɓa goshinsa, na duba idanunsa da bayan kunnensa, ba zazzaɓi, ba ƙurji. Na zauna gaban allo.

Na tambaye ta rijiyarsu, ta faɗa. Na tambayi sunanta, ta faɗa. Na ce yaron na wane lokaci ne, ta ce na farkon damina. Sunaye 'yan kaɗan suka fito. Na karanta na farko.

"A'a," in ji ta.

Na karanta na biyu. Ta sunkuyar da kai, ta shiga gyara wa yaron hula wadda ba abin da ya same ta. Na danna maɓallin. Watanninsa sun kai, ba a yi masa ta ƙyanda ba. Na ɗauko allura daga firji na yi masa, ya tsala ihun da ya cika ɗakin, ban taɓa jin kukan da ya yi mini daɗi kamarsa ba.

Ta tsaya tana jira. Ta ce, "Shi ke nan? Ba a tambaya?"

Na ce, "Shi ke nan."

Sai ta lura da tsohon da ke ƙurya, ta tambaye ni a hankali ko wane ne. Na ce kawuna ne, shi ya gyara injin. Ta je gabansa ta durƙusa, ta ɗora masa yaron a cinya yana ta kuka, yadda ake miƙa wa dattijo jariri ya sa albarka. Kawu ya rasa yadda zai riƙe shi, ya rungume shi a karkace. Ya ji sunan, haɗe da na uban, lokacin da na karanta. Ya ɗora hannu a kan yaron, ya kira shi da sunansa cikakke, da na ubansa, a fili, ya ce Allah ya raya shi, ya tsare shi daga ciwon bana da na baɗi, ya sa ya yi kiwon shanun da ba ya iya ƙirgawa. Uwar ta juya tana kallon ƙofa kamar ba da ɗanta ake ba, amma ina ganin leɓɓanta suna cewa amin.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Ya Allah, yanzu shi ne a wurin tambaya, ka sauƙaƙa masa ita yadda ya sauƙaƙa wa matan nan.